Daji a Tafin Hannunka: Finafinan Namun Daji da na Kasada da Suka Cancanci Datarka

 Kamar kullum, ga shi a rubuce saboda waɗanda ƙarancin data ko hayaniyar wajen aiki ba ta bari su saurari muryar. Mun ɗan gyara wasu wurare don ya yi daɗin karatu.

Yau babu baƙo, ni da ku ne kawai. Hira za mu yi a kan finafinan da ake kira dokumentari, wato waɗanda ba wasan kwaikwayo ba ne, abin da ya faru da gaske aka ɗauka. A cikinsu ma iri biyu za mu taɓa: na namun daji da sauran halittu, da kuma na masu kasada, mutanen nan da ke hawa duwatsu ko su shiga kogon da ruwa ya cika.

Da yawanmu mun taso da kallon fim ɗin namun daji a talabijin. Zaki ya biyo barewa, ba ka jin abin da Baturen ke faɗa, kai dai ka zaɓi ɓangare, ko kana bayan zaki ko kana bayan barewa. To harkar ta wuce nan yanzu. Ana kashe shekaru da maƙudan kuɗi a kan shiri ɗaya, kuma da waya a hannunka kana kwance a ɗaki za ka iya kallonsa. Zan ba ku sunayen waɗanda za ku nema, amma akwai abu ɗaya da nake so mu riƙe tun daga nan: abin da ka gani a allo, wani ne ya zaɓa maka shi. Shi ya zaɓi inda zai ajiye kyamara, shi ya zaɓi abin da zai yanke. In ka san haka, kallon zai fi yi maka daɗi, kuma ba mai ruɗarka.

DA WANNE ZA A FARA?

Ka fara da Our Planet. Dalilina na farko mai sauƙi ne: kyauta ne. Netflix suka fitar da shi a 2019, kashi 8, sannan a watan Afrilun 2020, lokacin kullen korona, suka ɗora shi a YouTube don malamai da ɗalibai. An yi shekara 4 ana ɗaukarsa a ƙasashe 50, da ma'aikata sama da 600. Muryar da za ka ji ta David Attenborough ce, dattijon Ingila da aka haifa a 1926, wanda ya fi shekara 60 yana wannan aikin. Turancinsa a hankali yake, kalma-kalma, ko mai koyo zai iya binsa.

Abin da ya bambanta Our Planet da na da shi ne bai tsaya a "ku ga kyau" ba. Akwai wajen da aka nuna wasu manyan dabbobin teku masu haure biyu, ana ce musu walrus, a gaɓar arewa maso gabashin Rasha. A al'adarsu a kan ƙanƙarar da ke yawo bisa teku suke hutawa. Fim ɗin ya bayyana cewa da ƙanƙarar ta ja baya, sai sama da 100,000 suka cunkushe a bakin gaɓa. Wasu don neman wajen kwanciya suka hau dutse mai tsawon mita 80, kuma da suka tashi komawa ruwa, sai suka riƙa faɗowa. Gaskiya in akwai ƙananan yara a kusa, wannan wajen a tsallake musu shi.

Na biyu, Planet Earth II na BBC, wanda ya fito a 2016. Ko ba ka san sunansa ba, ina kyautata zaton ka taɓa ganin wani yanki nasa yana yawo a WhatsApp. Tsibirin Fernandina ne a cikin tsibiran Galapagos. Ɗan damon teku ya ƙyanƙyashe, ya fito daga cikin yashi, ranarsa ta farko ke nan a duniya, kuma dole ya tsallaka fili ya kai bakin duwatsu inda manya suke. Macizai kuwa suna laɓe a cikin ramukan dutse. Ya tsaya cak, domin motsi suke gani. Ɗaya ya zo dab da shi, sai ya zura da gudu, macizai suka fito ta ko'ina kamar an zazzage buhu. Sun kama shi, sun nannaɗe shi, ka gama cewa shi ke nan, sai ga shi ya zame ya haye dutse. Mintuna kaɗan ne, amma wallahi sai ka ji kamar kai ake bi. Ku riƙe wannan yankin, za mu dawo kansa.

A cikin shirin dai, kashi na ƙarshe a kan birane yake. A nan za ka ga damisa tana farauta da dare a cikin birnin Mumbai na Indiya, ka kuma ga kurayen garin Harar na Habasha. Da dare suke shigowa ta kafofin ganuwa, su bi lungu-lungu har wajen mahauta su kwashe ƙasusuwa, akwai ma mutanen da ke ba su nama da hannu. Mu da muka san kura da takunkumi da sarƙa a hannun gardawa, ganin ta tana yawo a gari babu mai gudu abin a tsaya a yi tunani ne.

Na uku zai ba ku mamaki, don a kan ƙura yake. Shirin Connected na Netflix, na 2020, yana da kashi guda mai suna Dust. Akwai wani kwari a arewacin Chadi da ake kira Bodele. Dubban shekaru da suka wuce ƙasan wani babban tafki ne, kakan Tafkin Chadi na yanzu. Da ruwan ya ƙafe, sai ya bar gawarwakin ƙananan halittun ruwa, suka zama farar ƙura mai sinadarin fosfaros, wanda manomi ya sani a cikin takin zamani. Iska tana ɗaga ƙurar nan sama. Wata ta zo mana a matsayin hazon hunturu, ta busar mana da leɓe, ta hana jirgi sauka a Kano. Wata kuma ta tsallaka Tekun Atilantika gaba ɗaya ta sauka a dajin Amazon na Kudancin Amurka, ta zama taki. Wani binciken hukumar NASA na 2015 ya ƙiyasta cewa kimanin tan miliyan 27 na ƙurar Sahara ke sauka a can duk shekara. Ka ga hazon da kake tsaki a kansa, shi ne abincin dajin wasu.

Sai guda biyu a gurguje, duka a Netflix, duka sun ci lambar yabo ta Oscar. My Octopus Teacher na 2020 labarin Craig Foster ne, mutumin Afirka ta Kudu da ya yi kusan shekara yana nutso kullum a teku kusa da Cape Town, yana bibiyar wata halitta mai hannaye takwas har ta saba da shi. The Elephant Whisperers na 2022 kuwa minti 40 ne kacal, a kan wasu dattawa biyu a kudancin Indiya da ke rainon marayan ɗan giwa. Wannan kam da iyali gaba ɗaya za a iya kallonsa.

MASU WASA DA RAI

Yawwa, mu koma ɓangaren kasada. A nan sarkinsu shi ne Free Solo na 2018, wanda National Geographic suka fitar.

Akwai wani dutse a gandun Yosemite na Amurka mai suna El Capitan. Tsawonsa kimanin mita 900, kuma a miƙe yake kamar bango. Ka ɗauki filin ƙwallo takwas zuwa tara ka tsayar da su ɗaya bisa ɗaya, ka samu kwatancinsa. Masu hawa da igiya sukan yi kwanaki, su kwana a rataye a jikinsa. Ranar 3 ga Yunin 2017, Alex Honnold, yana ɗan shekara 31, ya hau shi babu igiya, babu komai sai takalmi da jakar hodar alli ta busar da gumin hannu. Awa 3 da minti 56 ya yi.

Wanda ya ji labarin kawai zai ce mahaukaci ne. Wanda ya kalli fim ɗin zai ga wani abu daban. Mutumin nan ya fi shekara yana bin hanyar da igiya, yana maimaitawa, yana rubuta kowane taku a littafi: babban yatsan hagu a nan, ƙafar dama a can. Akwai inda abin da zai dafa bai kai faɗin ƙwayar gyaɗa ba. A ƙarshen 2016 ya fara hawan, ya ji jikinsa bai ba shi ba, ya sauko. Ba a fafe gora ranar tafiya, in ji Hausawa, to wannan mutumin gorarsa ya daɗe da fafe ta. Likitoci ma sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa, suka ga ɓangaren da ke tayar da tsoro ba ya saurin motsawa kamar na sauran mutane.

Amma inda fim ɗin ya fi nauyi shi ne wajen masu ɗaukarsa. Jimmy Chin, wanda ya shirya fim ɗin tare da matarsa Elizabeth Chai Vasarhelyi, abokin Honnold ne, haka ma yawancin masu kyamarar. A gabanka suke tambayar kansu: in kyamararmu ta ɗauke masa hankali ya faɗo fa? In don ya ga mun taru ne ya ji kunyar fasawa fa? Ranar hawan, akwai mai ɗaukar hoton da ke ƙasa, ya saita kyamara ya juya baya, ya kasa kallo. Wannan tambayar ba ta masu hawa dutse kaɗai ba ce. Duk wanda ya taɓa zuga abokinsa ya yi ganganci a kan babur don a samu bidiyon ɗorawa, da shi ake.

Sai 14 Peaks na Netflix, 2021. A duniya akwai duwatsu 14 da tsawonsu ya haura mita 8,000, dukkansu a yankin Himalaya da Karakoram, babbansu Everest mai mita 8,849. Daga mita 8,000 zuwa sama, iskar da mutum ke shaƙa kusan kashi ɗaya cikin uku ce ta wadda muke samu a ƙasa, shi ya sa ake kiran wajen yankin mutuwa. Mutum na farko da ya gama hawa 14 ɗin, Reinhold Messner, shekara 16 ya yi. Kafin 2019, wanda ya fi kowa sauri ya haura shekara 7. Sai ga Nirmal Purja, ɗan ƙasar Nepal, tsohon sojan Birtaniya, ya ce shi a wata 7 zai gama. Masu kuɗi suka ƙi tallafa masa, ya jinginar da gidansa. Ya fara a Afrilun 2019, ya gama a Oktoba: wata 6 da kwana 6. Ya yi amfani da tukunyar iska a can sama, kuma wasu sun soke shi a kan haka tunda Messner bai yi da ita ba. A 2023 ma wata 'yar Norwe, Kristin Harila, tare da Tenjen Sherpa, sun gama a kwana 92.

Dalilin da ya sa na saka shi a jerin nan ba saurin ba ne. Shekara da shekaru mutanen Nepal, musamman ƙabilar Sherpa, su ke ɗaukar kaya, su ke ɗaure igiya, su ke buɗe hanya, su ke mutuwa. In aka kai ƙololuwa kuma, sunan baƙon da ya biya kuɗi ake bugawa a jarida. Purja ya haɗa tawagarsa da 'yan ƙasarsa zalla, yana kiran sunan kowa a gaban kyamara, kuma a ƙarshe ya faɗa wa 'yan jarida cewa da Bature ne ya yi wannan aikin, da labarin ya ninka haka sau da yawa. Duk ɗan Afirka ya san wannan ciwon ba sai an yi masa bayani ba.

Na uku, The Rescue na 2021. Kun tuna yaran ƙungiyar ƙwallon nan 12 da kocinsu da ruwa ya rutsa da su a kogon Tham Luang na Tailan a 2018? Sun shiga ranar 23 ga Yuni, ba a gano su ba sai 2 ga Yuli, kimanin kilomita 4 a ciki. Waɗanda suka fara isa gare su Turawan Ingila ne biyu, ɗaya tsohon ma'aikacin kashe gobara, ɗaya ma'aikacin kwamfuta, waɗanda nutso a kogo abin sha'awarsu ne na ƙarshen mako. Yaran ba su iya nutso ba, ruwan kuma duhu ne da laka. Dabarar da aka yanke ita ce wani likita ɗan Ostareliya, Richard Harris, ya yi wa kowane yaro allurar barci, a ɗaure masa abin shaƙar iska, a jawo shi ta ƙarƙashin ruwa a sume. Ranar 10 ga Yuli aka fito da na ƙarshe, duka 13 da rai. Wani tsohon sojan ruwan Tailan, Saman Kunan, ya rasu a wajen aikin.

ABIN DA BA A GAYA MAKA

To yanzu mu leƙa bayan labule.

Mu fara da sauti. Mai ɗaukar hoton zaki yana iya kasancewa ɗaruruwan mitoci nesa da shi, gilashin kyamara ne ke jawo hoton kusa. Makirufo kuwa ba ya jawo sauti haka. Saboda haka yawancin ƙarar da kake ji, takun ƙafa, taunar ƙashi, bugun fiffike, a situdiyo ake haɗa ta daga baya. Akwai mutanen da sana'arsu ke nan: a buɗe lema a rufe a samu ƙarar fiffike, a karya ɗanyen kayan lambu a samu ƙarar ƙashi. Giwa duk girmanta tafin ƙafarta taushi gare shi, kusan shiru take tafiya. Amma mai kallo yana jiran ya ji dif-dif, sai a sa masa.

Sai haɗa hoto. Ɗan damon nan na Galapagos da na ce ku riƙe: wadda ta shirya kashin ta bayyana daga baya cewa an cusa hotunan kusa na wasu 'ya'yan damon daban, ko da yake BBC ta ce gudun tsiran kansa na guda ɗaya ne. Dabba ba ta jin "a sake ɗauka", dole a yi makonni ana tara hotuna, a zo a ɗinke su su zama labari ɗaya. A The Rescue ma, da yake babu wanda ya ɗauki yawancin abin da ya faru a ƙarƙashin ruwan, masu nutson ne suka sake kwaikwayonsa a wani babban tankin ruwa a Ingila.

Wannan duk sana'a ce, ba laifi. Inda ake samun matsala shi ne in an ɓoye. A 2011 BBC ta sha suka a kan shirin Frozen Planet, da aka gano cewa jariran farin beyar da aka nuna a cikin rami a gidan zu na ƙasar Holan aka ɗauke su, ba a dajin ƙanƙara ba. Mafi muni shi ne White Wilderness na kamfanin Disney, 1958. An nuna wasu ƙananan dabbobi masu kama da ɓeraye, lemin, suna faɗawa ruwa daga kan dutse garke guda, kamar masu kashe kansu. Ashe masu ɗaukar fim ɗin ne suka kawo su wajen a Kanada, suka tunkuɗa su. Fim ɗin ya ci Oscar, kuma har yau akwai masu yarda cewa dabbar tana kashe kanta.

Amma babban abin da ake yankewa daga hoto, a ganina, mutum ne. Ka kalli finafinan Serengeti na Tanzaniya goma, za ka rantse ba a taɓa yin ɗan Adam a wajen ba. Alhali makiyayan Masai suna kiwo a nan, sai a 1959 aka tashe su daga cikin gandun. A shekarar ce kuma wani Bajamushe, Bernhard Grzimek, ya fitar da fim ɗin Serengeti Shall Not Die, wanda shi ma ya ci Oscar. Maganar ba ta mutu ba, don ko a 2022 an yi rikici a Loliondo, dab da gandun, a kan tashin Masai daga filayen kiwo. Fim ɗin da ya nuna maka daji babu kowa yana koya maka, ba tare da ya faɗa ba, cewa daji mai kyau shi ne wanda aka kori mutanensa. Wanda ya saba da wannan hoton, in ya ji an tashi wani ƙauye don kare namun daji, ba zai tambayi ina aka kai su ba.

INDA MUTANE KE CIKIN HOTON

Shi ya sa rukuni na ƙarshe ya fi kwanta mini.

Virunga, 2014, yana Netflix. Gandun Virunga a gabashin Kongo yake, an kafa shi a 1925, shi ne mafi daɗewa a Afirka. Yana cikin wurare kaɗan da goggon birin dutse ya rage, waɗanda duk duniya ba su fi 1,000 da 'yan kai ba. Mai shirya fim ɗin, Orlando von Einsiedel, ya je ne don ya ɗauki labarin masu gadin daji, sai tawayen M23 ya ɓarke a 2012 yana wajen. A lokaci guda kuma wani kamfanin mai na Birtaniya, SOCO, yana neman mai a cikin gandun. Za ka ga Rodrigue Katembo, jami'in gandun da aka taɓa tilasta wa shiga soja yana yaro, ya ɓoye kyamara a jikinsa yana ɗaukar masu ƙoƙarin ba shi cin hanci. Za ka ga André Bauma, mai rainon marayun birai, ana jin harbin manyan bindigogi, mutane suna gudu, shi ya ƙi tafiya ya bar su. Shugaban gandun, Emmanuel de Merode, an harbe shi a Afrilun 2014 kwanaki kaɗan kafin a fara nuna fim ɗin, amma ya rayu. Kamfanin ya musanta aikata ba daidai ba, daga baya ya janye daga gandun. Masu gadin Virunga sama da 200 aka kashe a bakin aiki. Mu da muka san cewa Sambisa a da gandun namun daji ne, mun san abin da daji ke zama in masu gadinsa suka fita.

Sai biyu da suka zo har ƙofar gida. The Man Who Stopped the Desert na 2010 labarin Yacouba Sawadogo ne, manomi a arewacin Burkina Faso. Bayan farin shekarun 1970 da 1980, mutane na ƙaura, shi kuma ya koma kan faƙo yana haƙa ramuka tun da rani, yana zuba taki a ciki. Aka ce ya zare. Takin yana jawo gara, gara ta huda ƙasa, in ruwa ya sauka sai ya nutse maimakon ya gudu. Su suna kiran dabarar zai, a Nijar kuma tassa ake cewa. Da ita ya raya daji kusan hekta 40 a inda ba ko ciyawa. Ya rasu a Disambar 2023.

The Forest Maker na 2022 kuwa a kan Tony Rinaudo ne, malamin gona ɗan Ostareliya da ya zauna a Maraɗi. Ya yi ta dashen itatuwa suna mutuwa, sai a 1983 ya lura cewa 'yan tsirran da ake sassabewa a gona ba ciyayi ba ne, kututturan manyan itatuwa ne da saiwarsu ke raye a ƙasa. In ka zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi ka rage sauran, itace zai tashi. Manoma suka sa wa abin suna sassabin zamani. An ƙiyasta cewa ta haka aka raya kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, gawo da kalgo da sauransu. In ka kalla, ka yi wa fim ɗin tambayar da muka koya: sunan mutum ɗaya ne a gaba, amma hannun manoman Maraɗi da Damagaram ne ya yi aikin.

Ku nemi kuma Marcher sur l'eau na 2021, wanda Aïssa Maïga ta shirya a ƙauyen Tatiste na arewacin Nijar. Houlaye, 'yar shekara 14, ita ke riƙe da ƙannenta tana tafiyar kilomitoci neman ruwa, iyaye sun tafi ci-rani. Babu zaki, babu giwa, amma fim ne na yanayi da ƙasa kamar kowanne a jerin nan.

MAGANAR DATA DA TURANCI

Netflix da kansu sun ce hoto mai tsananin kyau yana iya cin gig 3 a awa ɗaya, amma in ka kunna tsarin tsimin data a waya, gig 1 yana kai ka kusan awa 6. A YouTube ka saukar da ingancin zuwa 360 ko 480, a ƙaramin allo ba wani bambanci sosai. In layinka yana da garaɓasar dare, ka sauke a lokacin ka kalla da rana. BBC Earth da National Geographic suna da shafukansu a YouTube cike da gajerun yankuna kyauta. Waɗanda ba na Netflix ba kuwa, inda ake samunsu yana canzawa daga ƙasa zuwa ƙasa, ka rubuta sunan ka bincika. Ka guji shafukan da ke ce maka danna nan ka sauke kyauta, da yawa tarko ne na satar bayanan waya.

In Turancin yana maka sauri, kunna rubutun ƙasan allo, ka rage gudun bidiyon kaɗan. In da tsofaffi kuke kallo, ka riƙa tsayarwa kana fassara musu. Za ka sha mamaki, don sau da yawa kai ka san sunan dabbar da Turanci, su kuma sun san ta ido da ido, sun san inda take sha, sun san shekarar da suka daina ganinta a dajin garinku. Masu yi mana fassarar finafinan Indiya, ga kasuwa nan a buɗe in za a nemi izini a yi ta bisa ƙa'ida.

KAFIN MU RUFE

A cikin manyan shirye-shiryen nan da wuya ka ci karo da dajinmu. Ba don babu abin ɗauka ba. Yawancin raƙuman dawan Afirka ta Yamma da suka rage a yankin Kure suke, kusa da Yamai: 49 suka rage a 1996, yanzu sun haura 600, kuma a cikin gonakin mutane suke yawo. Yankari na riƙe da ɗaya daga cikin garkunan giwayen da suka rage a Najeriya. Fadamar Haɗeja da Nguru na karɓar tsuntsayen da ke tsallako Sahara daga Turai duk shekara. Dutse mafi tsawo a Najeriya, Chappal Waddi mai mita 2,419, yana gandun Gashaka Gumti. Rashin tsaro ya taimaka wajen nisanta kyamara daga wasu wuraren, a Kure ma an kashe mutum 8 a wani hari a Agustan 2020. Amma ko lafiya lau ake, in ba mu ɗauka ba, wanda zai zo daga nesa shi zai zaɓi abin da zai nuna, shi zai zaɓi wanda zai yanke.

Ba sai da kyamarar miliyoyi ake farawa ba. Shamuwa in ta dawo gaban damina, a wace bishiya take sauka a garinku? Wace rana ta iso bana? Ka ɗauka da wayarka, ka rubuta kwanan wata, ka tambayi wani dattijo yadda yawansu yake a da, ka naɗi amsarsa da izininsa. In ka yi haka shekara uku a jere, kana da abin da babu shi a Netflix.

A wannan makon dai aikin gida ɗaya ne: ku kalli kashi na farko na Our Planet, ku saurari ƙarar da kyau ku ga ko za ku kama wadda aka haɗa a situdiyo. Ku gaya mana abin da kuka gano, ku kuma faɗa mana dabbar da iyayenku suka ce akwai ta a yankinku a da, yanzu babu. Za mu karanto wasu a shiri na gaba.